Yayana Mai Walda da Bikin 'Yan Fukafukai

Yayana mai walda ne. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana haɗa ƙarfe da ƙarfe a wata rumfa da ke bakin titi. Ɗakunansa biyu suna bayan rumfar, da ɗan tsakar gida mai siminti wanda bai wuce a shimfiɗa tabarma huɗu ba. Get yake yi, da ƙofofi, da ƙarafan taga. Babu rigarsa ɗaya da tartsatsi bai huda ba, har wadda yake zuwa ɗaurin aure da ita. In ya gama aiki ba ya miƙa wa mai shi sai ya gwada: ya ɗauki guduma ya maka masa, ya hau kai ya yi tsalle, in ya ga ko ɗan lanƙwasa ya yi sai ya mayar ya ƙara ƙarfe. Na taɓa ganinsa a tsaye kan teburin shayin wata baiwar Allah, da takalminsa da komai, ita kuwa tana gefe tana salati. Shi dai abu biyu ya sani a duniya, mai ƙwari da na banza.

Injin yankan ƙarfe ya cinye masa rabin ji, don haka maganarsa kamar faɗa take. Sannu ma in zai yi maka sai ka waiwaya ka ga ko da wani yake rigima. Ga shi kuma maganar ba ta da yawa. Da matarsa ta gaji da hira da bango sai suka rabu, ba zagi ba duka, shekara uku da suka wuce. Ta koma can ɗaya gefen gari kusa da asibitin da take aikin jinya, ta tafi da 'yarsu guda ɗaya, wadda muke ce wa Ɗigo saboda 'yar mitsitsiya aka haife ta.

Asabar ɗaya a wata ake kawo masa ita. Wallahi zaman nan nasu yana ba ni haushi yana ba ni tausayi. Ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya kamar wadda ta zo ganin likita, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya daka mata tsawa, “Kin ci abinci?” Ta zabura ta ce ta ci. Shi ke nan hira ta ƙare. Kafin la'asar sai ta matso ta ja mini zane, ta ce, “Gwaggo, ina so in tafi gida.” Ni ce ƙanwarsa, a kantin magani nake aiki, kuma duk Asabar ɗin nan sai na bar kantin na zo na zauna a tsakaninsu, don in ba ni ko awa ɗaya ba za ta yi ba.

To bana Ɗigo za ta cika shekara bakwai, ranar ta faɗo Asabar, uwarta kuma tana da aiki har yamma. Sai ta kira ni a waya ta ce ko za a yi wa yarinyar bikin a gidan babanta. Ta ƙara da cewa hutu ya kusa, tana so Ɗigo ta riƙa zuwa wajensa a kai a kai, amma ba za ta tilasta mata ba. In an tashi biki za ta tambaye ta a gabanmu, abin da yarinyar ta faɗa shi za a yi. Na kai wa Yaya saƙon. Ya kashe injin, ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya ce, “Me ake buƙata?”

Nan fa ake yin ta. Uwar ta turo mana jerin abubuwa da hoton wani zane da Ɗigo ta yi. Bikin 'yan fukafukai take so, waɗansu ƙananan 'yan mata da take kallo a katun, masu tashi sama suna kwana cikin furanni. Ƙawayenta takwas za su zo. Kowacce a yi mata fukafukai, da kambin fure, da 'yar sanda mai tauraro a kai. A yi wasan neman duwatsu masu launi. A ƙarshe a rataye wani ƙwallo na takarda cike da alewa, yara su yi ta bugunsa har ya fashe alewar ta zubo. Kuma duk da hannu za a yi, don yarinyar ta ce na kanti ba na gaske ba ne.

Ni 'ya'yana uku duk maza, ƙwallon ƙafa da karyayyen gilashin taga kawai na sani. Na nemo katun ɗin a wayata, muka zauna kan benci a rumfa, ni da ƙaton mutum mai furfura, muna kallo. Bai yi minti biyu ba ya ce in tsayar.

“Tsuntsaye ne ko ƙwari?”

Na ce, “Yaya, mutane ne, ba ka ga fuskarsu ba?”

“Mutane da fukafuki? Aljanu ke nan.”

“Ba irin waɗannan ba.”

“To wane iri?”

Na ce ban sani ba, ya bar ni in ji da abin da ya dame ni. Ya karɓi wayar ya kai ta dab da hancinsa, yana neman inda aka haɗa fuffuken da baya. Ya ce babu kusa, babu ɗauri, aikin ƙarya ne, iska ɗaya za ta cire shi. Ya tambaye ni sana'ar me suke yi. Ya tambaye ni sandar ta mece ce, tunda ba kiwo suke yi ba kuma ba ɗingishi suke yi ba. Na ce ana kaɗa ta ne abu ya faru. Ya ce wane abu? Na ce kowane abu. Ya dube ni kamar na zage shi. Duk ɗaya dai, wai makafi sun yi dare, ni ban gane ba shi bai gane ba.

Bayan kwana biyu na biyo daga aiki na tarar ya gama fukafukai na gwaji. Da rodi ya yi su, ya goge, ya shafa jan fentin hana tsatsa, ya sa maɗaurin kafaɗa na bel ɗin mota. Kyau kam sun yi kyau, har jijiyoyin fuffuken ya fitar da siririyar waya. Ya ce in goya ya ga zamansu. Ina goyawa ya saki hannu, sai ji na yi ana ja na baya, na tafi taga-taga na zauna daɓas cikin kwandon guntayen ƙarfe.

Na ce, “Yaya! 'Yar shekara bakwai za ka ɗora wa get a baya?”

Ya ce, “Ba za su karye ba.”

“Ita fa? Ita ba za ta karye ba?”

Na ga abin ya shige shi, har na ji kunyar tsawar da na yi. Amma a ranar na ƙwace aikin fukafukai daga hannunsa. Na kwaso wayoyin rataye kaya na gidana kaf, na yanka tsohon gidan sauro, na sayo roba da gam da ƙyalƙyali. Sati guda ina fama. Ƙyalƙyalin nan ya shiga girata, ya shiga shinkafar mijina, har wani dattijo da ya zo sayen maganin tari ya tambaye ni ko lafiya fuskata take walƙiya. Kambin farko da na yi da takarda ya fito kamar murfin tukunya. Taurarin kwali kuwa, wata ƙafa biyar wata ƙafa shida, wata ma ban san me zan kira ta ba.

Shi kuma, don in kawar da shi daga kaina, sai na ba shi aikin da na ga ya fi kowanne sauƙi, wato ƙwallon alewa. Laifina ne, na yarda. Na hura masa balan-balan, na dama fulawa da ruwa, na yayyaga jarida, na nuna masa yadda ake tsomawa a liƙa. Na ce in ya bushe ya zuba alewa, ya yi masa jan fenti da fararen ɗige-ɗige kamar yadda yake a zanen.

Ya ce, “Sannan fa?”

“Sannan a rataye, yara su fasa.”

“Su fasa me?”

“Ƙwallon mana.”

“Wanda na yi?”

“Shi.”

Ya ajiye jaridar. “Tsaya, Auta. In zauna in yi abu, in yi masa fenti, don a fasa? To me ya sa ba za a zuba musu alewar a faranti ba?”

Na ce haka ake yi, haka yarinyar take so, in yana son ta sake tako ƙafarta gidan nan ya yi abin da aka ce. Da ya ji haka sai ya ɗauki jaridar ya ci gaba da liƙi. Na tafi abina ina murna na rabu da shi, ban sake leƙa aikin ba sai kai masa ledar alewa da na yi ana gobe biki.

Abin da ya faru a tsakani daga baya na ji shi. Da ƙwallon ya bushe sai ya gwada shi yadda yake gwada komai, ya ɗan taɓa shi da guduma, ya lotsa. Hankalinsa ya tashi. Abin da za a rataye a saman kan 'yarsa, da nauyin alewa a ciki, a ce da taɓawa ɗaya ya lotsa? Ya sa ragar waya a ciki. Ya gwada, ya lotsa kaɗan. Ya ƙara jarida hawa bakwai, wannan karon da gam ɗin kafintoci. Ya gwada. Ya je wajen maƙwabcinsa mai gyaran jikin mota ya samo abin nan da suke shafawa su toshe lotsawa, ya shafe shi tas ya goge. Wai shi a tunaninsa yara tara da sanda ai runduna ce, dole abu ya ɗan jure kafin ya ba da kai.

Ranar Asabar da hantsi uwar ta sauke Ɗigo ta wuce aiki. Tsakar gidan ya sha shara har da wanki. Yaya ya sa rigarsa mafi ƙarancin huji, ya tsaya a jikin bango hannu a baya kamar mai gadi. Yara suka iso ɗaya bayan ɗaya, uku da iyayensu mata. Na goya musu fukafukai, wasu a karkace, wani na zubar da ƙyalƙyali, amma ko a jikinsu, nan da nan suka cika gidan da gudu da ihu. Ɗigo ma ta saki jiki, na ga haƙoranta a waje, abin da ban taɓa gani a gidan nan ba. Ta kaɗa wa babanta sanda ta ce ta mayar da shi kwaɗo. Ya dube ni da ƙarfi ya ce, “Me zan yi?” Na ce ya yi tsalle. Ya yi tsalle ɗaya, a miƙe, fuska ba walwala, yara suka faɗi ƙasa don dariya.

Wasan neman duwatsu bai yi minti ɗaya ba. Na ba shi duwatsun da na yi wa fenti tun da safe na ce ya ɓoye, shi kuma ya ga kada yara su sa hannu a lungu wani abu ya yanke su, sai ya jera su reras a kan dakalin taga. Wata mai wayo ta kwashe duka a siket ɗinta, biyu suka fashe da kuka. Na raba rigimar da kek da lemo, ina harararsa, yana tambayata da ido me kuma ya yi.

Sai aka zo kan ƙwallo. Ya fito da shi daga ɗaki a rungume, ja wur da fararen ɗige-ɗige, yana sheƙi kamar sabuwar mota. Iyayen yara har da tafi. Da na ga da sarƙa zai rataye shi, a jikin wani ƙarfe da ya kafa a bango musamman, na san da matsala, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ɗigo aka fara ba sandar mofa ta goge ƙasa, tunda ranarta ce. Ta ja baya ta buga iya ƙarfinta. Ƙwal! Sandar ta dawo da ita baya, ƙwallon ko gezau. Ta sake. Ta sake. Sauran suka karɓa bi da bi, kowacce ta buga uku ta koma tana yarfe hannu. A zagaye na biyu sandar ta karye. Uwar wata yarinya, mace mai jiki, ta ce a ba ta wuri, ta ɗauko guntun katako daga rumfa ta zabga masa. Ƙwallon ya yi lilo ya dawo ya kusa kwashe mata ɗankwali. Ni ma zuciya ta ɗebe ni na karɓa na yi ta jibga, ina jibga ina cewa, “Yaya, me ka sa a cikin abin nan?” Yana daga bango yana lissafo mini da gaskiyarsa, raga, gam, jarida hawa bakwai. Ko fentin bai kankare ba. Muna jin alewar tana kacau-kacau a ciki.

Dariya ta ƙare, yara suka yi tsuru-tsuru. Sai mai wayon nan da ta kwashe duwatsu ta ce, yadda kowa zai ji, “A gidanmu bugu biyar ya fashe. Babanki bai iya ba.”

Ɗigo ta cire kambinta ta riƙe a hannu, ta matso ta ja mini zane. “Gwaggo, ina so in tafi gida.”

A hankali ta faɗa, kuma Yaya rabin kurma ne, amma wannan maganar ya san ta a bakinta ko bai ji ba. Wallahi ji na yi kamar in kwanta a simintin nan in yi kuka. Garin gyaran gira mun rasa ido. Haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, har uwar da ta turo jerin abubuwan ban bari ba.

Ya taka ya sauke ƙwallon daga sarƙa, ya ajiye a ƙasa a gabanta, ya durƙusa. Ban taɓa ganinsa a durƙushe ba sai a gaban ƙarfe. Ya yi ƙoƙarin rage murya, ta fito a shaƙe kamar ta mai mura.

“Ɗigo, ni na ɓata. Ban iya yin abin da ke fashewa ba. Na gwada, ban iya ba.”

Ta tsaya tana kallonsa, hawaye a kumatu. Ta dubi ƙwallon, ta zagaya shi, ta ja hanci. Sannan ta yi tambayar da mu manya huɗu ba mu yi ba.

“To ta ina alewar ta shiga?”

Ya ce, “Ta ƙofa.”

Na ce, “Wace ƙofa?”

Ya mirgina ƙwallon ya nuna ɗaya daga cikin fararen ɗige-ɗigen, wanda ya fi sauran girma. Ashe ƙofa ce, 'yar ƙarama kamar tafin hannun yaro, a zagaye, da 'yar sakata wadda ba ta kai ashana tsawo ba, duk ya shafe da farin fenti. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana yin ƙofofi, ina zai iya huda rami ya liƙe da takarda?

Na dafe kai. “Yaya, muna nan muna kashe kanmu, kana tsaye, ka san akwai ƙofa?”

Ya ce, “Ke kika ce fasawa ake yi.”

Ɗigo ba ta saurare mu ba. Ta tsuguna ta sa farce ta ja sakatar, ta yi ɗan ƙara ƙit, ƙofar ta buɗe sumul ba ko kuka. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Ta kwanta rub da ciki, fukafukai a sama, ta kafa ido a ciki, ta ce, “Gidan 'yan fukafukai ne.” Yara suka yi caa a kanta, kowacce tana so ta leƙa. Ta zauna a bakin ƙofar ta hana kowa taɓa sakata, ta ce sai an ƙwanƙwasa an yi sallama. Haka suka yi layi, a ƙwanƙwasa, ta buɗe, ta sa hannu ta miƙo alewa biyu, ta rufe. Mai wayon nan sai da ta ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe mata, kuma ban ce komai ba.

Yaya ya matso kusa da ni, wai raɗa zai yi, duk gidan suka ji. “Yanzu na ɓata ne ko na gyara?” Na ce wallahi ni ma ban sani ba, ya koma jikin bangonsa.

Da yamma uwar ta iso da kayan aiki a jikinta, an riga an kwashi sauran yara. Ta ga karyayyar sanda, ta ga sarƙa tana reto, ta dube ni, na ce kada ta tambaya. Ɗigo ta so ta tafi da ƙwallon, ta rungume shi ta kasa ɗagawa, uwar ma ta gwada ta ce ba da ita ba, bene hawa uku za ta hau da shi a gidansu. Sannan ta tsuguna ta gyara wa yarinyar fuffuke, ta yi tambayar da muka kwana goma sha biyu muna jira. Za ta riƙa zuwa wajen Baba in an yi hutu?

Ɗigo ta sunkuyar da kai tana wasa da sakata. Ta ce, “Ba zan kwana ba.”

Uwar ta ce to. Yaya ya gyaɗa kai da sauri, ya ce ba komai, ba komai, ya juya yana neman abin da zai ɗauka a ƙasa, alhali babu komai a wurin.

Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Baba, cikin akwai duhu. Ba su da taga.”

Ya juyo. “Taga?”

“Guda biyu. Da ƙarfe a jiki irin na gidan mutane. Kwana nawa za ka yi?”

Ni na san mutumin nan. Taga biyu a jikin abin nan, kafin shayi ya huce ya gama. Ya durƙusa ya auna ƙwallon da taƙinsa, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, “Ba aikin rana ɗaya ba ne. Kuma sai mai gidan tana tsaye, ta nuna inda za a yanka. Asabar huɗu, ko biyar.”

Ɗigo ta dubi uwarta ta ce, “Biyar.”

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja, yana jira in tona shi. Na sunkuya na ci gaba da tsince takardun alewa.